Fegin Garba da Shirun Malam Jatau

Ku yaran yanzu da kuke bin masu bincike ƙauye-ƙauye kuna riƙe musu jaka, na ji kuna cewa tafinta cin banza yake yi. Wannan ya faɗa da Hausa ka juya da Turanci, wancan ya faɗa da Turanci ka juyo da Hausa, ka sha shayi, ka tafi gida. Madalla. Ni ma haka na ɗauka da farko. Sunana Sule, mutumin Bebeji. Karatuna na boko aji uku ne, na ukun ma ban ga ƙarshensa ba, saboda wata 'yar magana da ta haɗa ni da kujerar hedimasta da wani kwaɗo. Turancin da na ci abinci da shi a kicin ɗin masu aikin hanya na tsince shi ina wanke kwanoni. Don haka duk kalmar da ta shafi miya ko zagi na iya ta sarai. Sauran da hannu nake cikawa.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Kofur, tsohon soja da ya yi wa Turawa tafinta tun kafin a haife ni. Na kama bin sa ina da mata da gemu, amma shekara biyu bai bar ni na fassara ko sannu ba. Rikoda ya ɗora mini. Ba irin 'yar abar da kuke sakawa a aljihu ba, akwati ce guda, in ka rataya ta daga Kiru zuwa Dangora sai kafaɗarka ta yi kanta. Batir takwas take ci, kuma batir ba ya son rana, sai ka naɗe shi a tsumma ka ajiye gindin randa. Kaset in ya ji zafi sai rikoda ta tauna shi, ka zauna da biro kana murzawa kana addu'a. Sai goro. Fari na dattijo ne, ja na kowa, kuma ba a miƙa shi bayan an fara tambaya, don ya zama kamar sayen magana. Ba a nuna wa mutum abin ɗaukar murya kamar bindiga, ba a kuma ɓoye shi kamar kayan sata. Kuma kada ka kuskura ka ce mata su daina daka don ƙarar turmi na shiga kaset. Kai ne za ka ɗauki tabarmarka ka matsa.

Duk hirar da muka gama, in mun kama hanya, sai Baba Kofur ya ce, "Kai Sule, me mutumin nan ya ce?" In kwaso masa tun daga gaisuwa. Sai in ji ranƙwashi a tsakar ka, da gemuna da komai.

"Wannan ai rikoda ta ji, sakarai. A ina ya yi tari? A ina ya kalli ƙofa? Wa bai ambata ba?"

Waɗanda muka yi wa aiki ɗalibai ne, amma ba masu gajeren wando ba. Manya ne da suka gama digirin farko suna neman na samansa. A jami'arsu can ƙasar waje wai akwai sashe guda da ba a karanta komai a cikinsa sai mu: harshenmu, nomanmu, kasuwarmu, har yadda muke rabon gado. Mutum zai yi shekara biyu yana karanta mu a takarda, sannan a turo shi ya zo ya duba ko muna nan. In ya koma ya ba na bayansa sunan Baba Kofur. Da Baba ya tsufa, sunan ya zama nawa. Ni kuwa kafin na tambayi sabon ɗalibi me ya zo nema, sai na tambaye shi sana'ar ubansa. Ban cika ganin wanda ya yi nisa da ita ba.

Akwai wata Baturiya, 'yar mai gidan burodi, da ta zo Dangora ta ga yadda matan aure ke sana'ar abinci ba tare da sun fita ba. Me-ya-sa muke ce mata, don ba ta da wata magana bayan wannan. Ni namiji ba ni da shiga. Sai ta shiga ciki, ni in tsaya bayan katanga, ta ɗaga murya da Turanci, in jefa musu da Hausa, su amsa, in jefa mata. Wata huɗu ina yi wa bango tafinta. Rannan mai gidan na zaune kusa da ni yana feƙe ƙota da gizago, sai ta ƙwala tambaya: wa ya fi riƙe gidan nan, ke ko mijinki? Na kalli gizagon. Na ɗaga murya na ce, "Wai tana tambaya, ƙosai mai ya fi so ko wuta?" Matar ta ce ai sai an haɗa su biyun. Na gaya wa Me-ya-sa cewa ta ce sai an haɗa su biyun. Ta ji daɗin amsar har ta ja mata layi.

An yi wani baƙar fata ɗan Amurka, ubansa direban babbar mota, shi kuwa tsohuwar hanyar fataken goro ya zo bi. A ƙasa ya sa muka taka daga Bebeji har bayan Ɗansoshiya muna neman inda ayari ke yada zango. Duk tsohuwar rijiyar da ya gani sai ya zauna ya yi tagumi, ni kuma in samu in cire ƙaya. Kowane tsoho ya ce masa kakansa na da jaki dubu. Na ce masa ya riƙa raba jakunan gida goma kafin ya rubuta. An yi kuma wani Basudane ɗan limami mai farautar tsofaffin takardun Larabci a gafakar malaman Kiru. Shi bai wahalar da ni ba, atishawa kawai muka sha.

Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su, ba sa jin Hausa yadda za su kama ni. Wannan ya lalata ni. Na saba da ƙarin gishiri har na manta ɗanɗanon magana ba shi.

Sai shekarar da aka gama datse ruwa a Tiga, bayan farin nan da ya ƙarar da dabbobi, aka ce garuruwan kwari su shirya tashi. A ranin shekarar aka turo mini wani dogon Bature mai jan gashi. Na tambaye shi sana'ar ubansa, ya ce kiwon tumaki, bai ƙara komai ba. Abin da ya kawo shi gandu ne. Yana so ya rubuta kowane gida da uba da 'ya'yansa masu aure ke noma tare kafin a tashe su, sannan ya dawo bayan an zauna a sabon gari ya ga gandun ya riƙe ko ya watse. Na rasa me ya haɗa wannan da tumaki. Ya iya Hausa, irin ta littafi, yana gaisuwa kamar mai karanta labarai a rediyo. Kome ka ce masa sai ya ce, "Daidai ne." Kafin sati ya zagayo ya zama Malam Daidai.

A wani gari na kwarin, Rafin Marke, a ƙofar gidan dagaci, asirina ya tonu. An tambayi wani dattijo yadda ya sami gonarsa, ya ce, "Gado ne." Ni kuwa na gyara zama na shiga Turanci, na kawo kakansa da gatari, na kawo kuraye, na kusa kawo zaki. Malam Daidai ya miƙa hannu ya kashe rikoda. Bai yi mini magana da Turanci ba, da ya rufa mini asiri. Da Hausa ya yi, a gaban jama'a.

"Sule, dattijo ya faɗi kalma biyu. Kai ka faɗi ɗari. Daga yau ni zan yi tambaya da kaina. Kai ka riƙe rikoda, ka yi shiru. Abin da mai gida ya faɗa da bakinsa, shi kaɗai zan rubuta. Daidai ne?"

Dagaci ya ja rawani ya rufe baki. Wani a baya ya ce, "Yau an kama kurayen Sule." Aka fashe da dariya.

Na ce, "Daidai ne, ranka ya daɗe." A cikina na ce za ka gani.

Bayan azahar ɗin ranar muka shiga zauren Malam Jatau. Na san gidan, don ƙanwar babata, Hajara, a unguwar take aure. 'Ya'yansa maza masu aure uku ne: Garba, Idi da Haruna. Garba ne babba, sa'ana ne, mun sha cin tuwo kwano ɗaya a wurin biki. Lokacin yana can wajen Doguwa cin rani, yana saran azara. Malam Daidai ya buɗe littafi ya ce, "Malam, ina so ka gaya mini sunayen 'ya'yanka maza masu aure da ke cikin gandunka."

Ko tambayar ma ba haka ake yin ta ba. Ba a sa uba ya lissafa 'ya'yansa. Ƙanensa ake ja gefe, ko maƙwabci, ko ka ƙirga ɗakuna da ido. Malam Jatau ya shafa gemu.

"To. Akwai Idi. Akwai Haruna."

Ya yi shiru. Ya yi tari. Ya juya ya kalli wani ɗaki mai sabon jinka da ake hangowa ta ƙofar zaure. Sannan ya ce, "Sai dai abin da ba a rasa ba."

"Biyu ke nan. Daidai ne?"

"Yadda ka ce, Bature."

Ku yanzu kuna kiran ɗan farinku da sunansa a tsakiyar kasuwa, har ku saɓa shi a wuya. A wancan zamani, a irin waɗannan gidaje, uba ba ya kama sunan ɗan fari. Wancan, ko yaron nan, iyakarta ke nan, ko da yaron ya yi furfura. Na Malam Jatau kuma kunyar biyu ce, don sunan mahaifinsa yaron ya ci, Abubakar. Mutanen gari ne ke ce masa Garba. Duk wanda ke zauren ya san tarin nan Garba ne. Bature ne kaɗai bai sani ba, kuma don irin wannan aka ɗauke ni aiki. Kalma ɗaya ta isa. Na zuba wa kaset ido yana juyawa, na yi shirun da aka ce in yi.

Shirina shi ne in bar shi ya buga a tafireta, sannan bayan sati, a gaban dagacin nan da jama'ar nan, in tambaye shi ina ya kai mutum guda da matarsa da 'ya'ya biyu. Amma kafin satin zazzaɓi ya kayar da shi, aka tafi da shi Kano. Ni kuma na shiga wasu sabgogi. Gaskiya ita ce na manta.

Abin da ban sani ba, da ya warke ya buga sunayen, sai ya kai wa dagaci kwafi ɗaya don godiya. Da akawun rabon fili ya zo daga birni, dagaci ya miƙa masa nasa lissafin gidajen da malaminsa ya rubuta da ajami a warwatsattun takardu. Akawu ya juya su, ya hango ta tafireta a gefe, tsaf, gida-gida. Ya ce wannan ita ce takarda. Da ita aka kafa fegi a sabon gari, kowane magidanci fegin gida ɗaya da yankin gona ɗaya.

Damina ta faɗi, ran kasuwar Bebeji, ina tsaye riƙe da kekena ina cinikin albasa, sai na ji an riƙe kan keken. Garba ne. Bai yi mini sallama ba.

"Sule, an kafa fegi. Idi ya samu, Haruna ya samu. Ni an ce babu ni a takarda."

Albasar ta faɗi daga hannuna.

"An ce kana zaune a wurin ranar da aka rubuta."

"Ina zaune."

"Kunnenka na ciwo ran nan?"

"A'a."

"Bakinka fa?"

Na sunkuya na ɗauki albasar. Mai albasa ta daina kiran ciniki tana kallonmu.

"Bature baƙo ne, ban ga laifinsa ba. Malam kuwa ka san ba zai faɗa ba ko za a yanka shi. Kai ne ka san gidanmu. Jibi akawu zai rufe littafi. Wanda ba shi da fegi ba shi da gona. Ruwa ya ci fadama, ya zo bayan rumbunanmu. Iyalina cikinta wata takwas. Ka gaya mini inda zan kai su, tunda kai ne mai Turanci."

Na ce, "Garba, saki keken in je."

"Ban zo faɗa ba, Sule. Da faɗa na zo, da tuni ka sani." Ya saki.

Malam Daidai ɗaki ya kama a bayan masallacin Juma'a. Na same shi yana bugun tafireta. Ban zauna ba na gaya masa, wannan karon ba gishiri. Ya ɗauko littafinsa ya duba. Gida uku muka shiga a ranar da na yi shiru. Biyu 'ya'yan farinsu mata ne, suna gidan miji. Garba kaɗai ya faɗa ramin.

Ya ce, "Ka sani a ranar?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kai ka ce in yi shiru."

"Sule."

"Na so ka ji kunya kamar yadda na ji."

Na jira ya ce daidai ne, bai ce ba. Sannan ya gaya mini abin da ya haɗa tumaki da gandu. Yana ɗan shekara tara aka datse kwarin garinsu don a kai wa wani birni ruwa. Wani mutum ya zo da takarda yana rubuta masu fili. Ubansa da baki aka ba shi makiyayar da yake kiwo, tun zamanin kakansa, ba a rubuce ba. Sunansa bai shiga ba. Ya sayar da tumakin, ya ƙare rayuwarsa yana sharar wata masana'anta.

Ya ce, "Ni na zo nan don in rubuta kowa."

Ran rufe littafi muka kama hanya da sassafe, shi a kekensa, ni a nawa da rikoda a baya. Sabon garin a lokacin ba gari ba ne. Jan fili ne da aka nike da katafila, babu bishiya ko ɗaya, sai fegi a jere da lamba a jikinsu. An kafa rumfar zana, akawu na zaune bayan tebur, jif na jiransa a gefe. Saurayi ne, bai kai ni shekaru ba, idonsa ja saboda gajiya. Gabas ta fara haɗa hadari, direbansa na ta cewa in ruwan nan ya sauko hanya ta yanke. Dagaci na zaune. Malam Jatau na cikin dattijai a kan tabarma. Garba na tsaye can nesa da su, don ba ya tsayawa inda mahaifinsa yake.

Layi bai zo kanmu ba sai bayan azahar. Malam Daidai ya yi gaisuwarsa ta rediyo, ya ce akwai kuskure a takardarsa, an bar mutum ɗaya.

Akawu ya ajiye biro. "Tun safe mutum tara suka kawo mini 'ya'yan da aka manta. Ɗaya ma da na bincika, ƙanin matarsa ne daga Tudun Wada. Kai ka rubuta takardar nan?"

"Ni ne."

"Abin da mai gida ya faɗa ka rubuta?"

"Shi ne."

"To ina kuskure?"

Na matso na durƙusa. "Ranka ya daɗe, akwai shaida. Muryar mai gidan na cikin akwatin nan."

Na kwance batir daga tsumma, garin sauri har na saka biyu a juye. Jama'a suka matso. Kaset ya juya, muryar Malam Jatau ta fito daga akwati. Akwai Idi. Akwai Haruna. Sai shiru, kaza na kuka a nesa, sai tari. Na danna na tsayar.

"Ka ji nan, ranka ya daɗe? Wannan shi ne Garba."

"Wanne?"

"Shirun. Da tarin."

Akawu ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Malam, shiru zan ba fegi? Ko tari?"

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Dagaci ya ce, "Yallaɓai, ɗansa ne na fari, duk garin nan shaida ne."

Akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ɗan fari ne. Har yau tsohona bai taɓa kiran sunana ba, na san abin. Amma ofis ba ya kunya. In na ƙara suna a kan maganar gari, gobe mutum taran nan za su biyo ni, jibi a kore ni. Ga mai gida zaune. Ya taso ya faɗi sunan ɗansa da bakinsa a gaban shaidu, in rubuta. In bai faɗa ba, na rufe."

Aka kama Malam Jatau ya miƙe, ya zo gaban tebur yana dogara sanda. Bai kalli kowa ba.

Sai dabara ta zo mini, irin tawa. Ladanin Rafin Marke sunansa Malam Abubakar, kuma ga shi nan a zaune. Na ce, "Baba, wannan bawan Allah mai kiran salla a masallacinku, wa sunansa?" Nufina in ya faɗa, in ce wa akawu to takwaransa ne.

Malam Jatau ya dubi ladan ya ce, "Mai sunan Malam."

Ashe ko a jikin wani ba ya kama sunan. Wata tsohuwa ta ce, "Kai Sule, ka rufa mana baki haka nan." Na rufe.

Iska ta taso ta fara ɗaga zanar rumfa. Direba ya tayar da jif. Akawu ya ɗora hannu a kan murfin littafi.

"Baba, la'asar ta yi," in ji akawu.

Idi ya matso ya ce, "Yallaɓai, ni in faɗa, yayana ne." Akawu ya girgiza kai. Malam Daidai ya ce zai sa hannu, zai rubuta wasiƙa, zai bi shi har Kano. Akawu ya ce ya ji, amma fegin da ya rage uku ne, kuma gobe za a ba mutanen wani gari.

Daga can nesa Garba ya ɗaga murya, ba mahaifinsa yake wa magana ba, da iska yake yi. "A bar shi. A bar shi kawai. Zan koma Doguwa."

Malam Jatau ya juya wa wajen da muryar ta fito baya. Ya riƙe bakin tebur da hannu biyu, sandar ta faɗi, ba wanda ya ɗauka. Leɓensa ya motsa. Ni da ke durƙushe kusa da ƙafarsa na ji, amma ni kaɗai.

Akawu bai ɗago ba. A hankali ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Sai shaidu sun ji."

"Abubakar," in ji Malam Jatau. Wannan karon har bayan rumfa an ji. "Ɗana ne. Shi ne babba."

Matan da ke gefe suka ja mayafi suka rufe fuska. Dattijai suka sunkuyar da kai kamar an yi tsirara a gabansu. Na waiga ban ga Garba ba, sai daga baya na hango shi tsugune a bayan jif, ya kifa kai a jikin taya. Akawu ya rubuta, ya yagi 'yar takarda mai lamba, ya rasa wa zai miƙa wa, sai ya ba Idi. Ya rufe littafi ya shiga mota bai yi wa kowa sallama ba.

Ina naɗe batir a tsumma sai na ga ƙafafun Malam Jatau a gabana. An miƙa masa sandarsa.

"Kai ne ɗan yayar Hajara ko?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara talatin da wani abu ina riƙe da shi. Ko uwarsa ba ta taɓa ji a bakina ba. Ka sa na ajiye shi a kan teburin akawu."

Na ce, "Na tuba, Baba."

Ya dogara sandarsa ya wuce.

Garba ya kafa bukka a feginsa kafin sati biyu, a cikinta matarsa ta sauka. Daga baya ya koyi su, ya yi kwalekwale, ya riƙa kamun kifi a saman inda gonarsu take a da. In mun haɗu muna gaisawa, iyakarta ke nan. Malam Daidai bai kore ni ba. Mun sake bin gidajen garin ɗaya bayan ɗaya, shi yana tambaya, ni ina jan ƙanne da maƙwabta gefe, har ya gama ya tafi.

Malam Jatau ya yi shekara shida a sabon gari kafin ya rasu. Aiki ya sha kai ni can, kuma duk zuwa sai na je na durƙusa a ƙofar zaurensa. Yana amsa gaisuwa. Yana sa a kawo mini ruwa. Amma daga ranar rumfar nan bai sake kiran sunana ba. In zai ce a ba ni tabarma, sai ya ce, "A shimfiɗa wa wancan." Mutanen gari suka rabu biyu a kai. Wasu suka ce fushi ne bai huce ba. Ƙanwar babata kuwa ta ce ba fushi ba ne, ni ban san wa ake ce wa wancan a gidan ba?

Na yi shekara shida ina da baki, yana da rai. Ban tambaye shi ba.